Yatsu Biyu na Hannun Hagu

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar nan? Ina roƙonki ki riƙa shan maganin a kan lokacinsa, ba sai ranar da ciwon ya motsa ba, kamar yadda kika saba.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ki a waya, domin a waya ba kya barina in kai aya. Kada ki tsorata da karkacewar layukan. Hannun rubutun lafiyarsa ƙalau, takardar ce ke zamewa, sai da na danne ta da kofin shayi.

An sallame ni daga asibiti. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, amma an ƙara masa gishiri. Ba hannun gaba ɗaya ba ne. Yatsu biyu ne na hannun hagu, manuni da na tsakiya. Babban yatsa ya tsira, kuma likita ya ce da shi da sauran biyun kafinta zai iya cin abincinsa. Alhamdu lillahi.

Ga yadda abin ya faru, a jere. A shagonmu akwai babban injin zarto wanda makunninsa ya lalace tun bara. Saboda haka ba a kunna shi, ba a kashe shi, sai daga babban makunnin da ke jikin bango, can bayan tulin katako, inda mai tsayuwa ba ya hangen injin. Domin wannan muka kafa ƙa'ida: duk wanda zai ɗaga makunnin sai ya ɗaga murya ya ce, "Hannu?" Idan wurin ya yi tsit, ya kunna. Idan wani na taɓa zarton sai ya amsa, "Akwai," a jira shi. Ranar, guntun katako ya maƙale a haƙoran zarton, na sa aka kashe, na zura hannu ina ciro shi. Sai Sarkin Zarto ya dawo daga waje, ya wuce wurin makunnin, ya tambaya. Na amsa da ƙarfin da har mai shayin da ke tsallaken titi ya ce ya ji ni. Duk da haka ya kunna.

Kin san Sarkin Zarto, ko da sunan bai zauna miki ba. Shi ne dogon nan da ya ɗauko gadon marigayiya Inna a kansa lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Tare muka shiga shagon nan muna samari. Ni suke kira Mai Awo saboda ba na yanka sai na auna na sake aunawa, shi kuwa ido kawai yake ɗora wa katako ya tsaga shi kamar an ja zare.

Maigidan shagon ya dakatar da shi. Ya zo duba ni ya ce zaman mutumin nan ko korarsa yana hannuna, zuwa ƙarshen wata. Yadda ya faɗa shi ne, "Kai aka yanka, kai za ka yanke." Ke kuma na ji saƙonki cewa a kai magana wurin 'yan sanda. Wasu a shago suna raɗa cewa da gangan ya yi, wai don a makon na mayar masa da wasu katakai da ya yanka ba daidai ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da ba shi da ƙafar tsayuwa.

Yaya, ni ba malami ba ne. Ɗan abin da na sani daga ƙananan littattafan nan ne da nake saye a ƙofar masallaci, waɗanda kike cewa sun cika mini kai da wasiwasi. Amma a cikinsu na karanta, ba a wuri ɗaya ba, cewa an halatta wa wanda aka cuta ya rama daidai da abin da aka yi masa, sai dai wanda ya yafe ladansa yana wurin Allah. Kuma yafiya ba ta ƙara wa bawa komai sai ɗaukaka. Kuma wanda ba ya jin ƙan mutane ba za a ji ƙansa ba. Na auna wannan da kaina. Mutum irina, mai tarin laifi tsakaninsa da Ubangijinsa, bai kamata a ba shi ƙofa irin wannan ya rufe ta da hannunsa ba. Saboda haka na yafe masa. Na faɗa a gaban uwar yara, na faɗa a gaban Maigida, yanzu na faɗa miki. Ƙarshen wata zan ce a mayar da shi bakin aikinsa, magana ta ƙare.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Kada ki yi wahalar tahowa da wannan gwiwa.

Wassalam. Ƙaninki mai biyayya,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsanake, har da wurin da kika ce tun ina yaro idan aka ƙwace mini abu ni ne nake ba da haƙuri. Ban ji haushi ba. Wanda ya goya ka yana da ikon faɗa maka.

Akwai inda kika yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Na ce magana ta ƙare, ashe baki ne ya gama, zuciya tana baya tana jan ƙafa. Idan na zo saka maɓallin riga na kasa, sai uwar yara ta taso ta saka mini kamar jariri, nakan ji haushin ya dawo mini sabo. Haka idan ina alwala na zo tsettsefe yatsu na tarar da gurbi. A lokacin fuskar Sarkin Zarto nake gani, kuma ba addu'ar alheri ke zuwa bakina ba. Da farko na tsorata, na ce ko yafiyar tawa ta ɓaci, na yi wa Allah ƙarya. Daga baya na fahimci abin kamar alwalar ne kanta: takan karye, mutum ya sake. Ba a cewa wanda ya sake alwala munafuki ne. To kullum da safe nakan sake yafe masa, kuma ina ganin tazarar da ke tsakanin karyewa da karyewa tana ƙaruwa.

Amma ba wannan ne dalilin rubutowata ba. Ranar Talata da la'asar Sarkin Zarto ya zo gidana. Ya rame, Yaya, rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Muka zauna a falo, ya tasa ni gaba yana kallon bakina ƙur, har na tsargu na goge, ina zaton wani abu ne ya maƙale. Ya yi ta ba da haƙuri, ni kuma ina cewa ya wuce. Sai uwar yara ta shigo ta bayansa da ruwa, ta yi sallama, bai amsa ba. Ta sake, shiru. Ta zaci kunya ce. Garin ajiyewa sai farantin ƙarfen ya suɓuce mata ya faɗi a siminti da ƙarar da ta sa ni na zabura har ciwon ya amsa. Shi ko gezau. Idonsa na kan bakina.

Kin san halina, ba na yanke hukunci da awo ɗaya. Na ɗaga hannun da ke naɗe na kare bakina kamar mai tari, na ce masa, "Yaya jikin tsohuwa?" Bai ce komai ba. Na sauke hannun na maimaita, nan take ya ce da sauƙi. Sai na dube shi, shi ma ya dube ni, ya gane na gane.

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya ce kunnen dama ya mutu tuntuni, na hagu kuma sai an matso kusa. Ƙarar zarton da ya tsaya a kansa tun ƙuruciya ce ta cinye su a hankali. Ya ce ya daɗe yana karanta maganarmu a leɓunanmu, idan aka yi dariya ya yi, idan Maigida ya yi faɗa ya sunkuyar da kai. Idan ya je wurin makunnin yakan tambaya kamar kowa, ya ɗan jira, ya kunna, yana roƙon Allah ya sa babu kowa. Ƙa'idar tamu ta ce shiru izini ne, shi kuwa duniyarsa duka shiru ce.

Daga nan ya roƙe ni abu guda. Ya ce in gaya wa Maigida ganganci ne da gaggawa, kada in ambaci kunne. Ya ce, "Mai Awo, mai ganganci ana yi masa faɗa a mayar da shi. Kurma fa? Wane shago ne zai ba kurma zarto?" Yana da 'yan mata a makaranta, ga tsohuwarsa a kwance. Ya kama ƙafata. Mutumin da ya girme ni, Yaya. Ya ce tunda na yafe masa babba, in cika masa da ƙarami, in rufa masa asiri.

Na ɗaga shi. Na ce zan yi tunani. Ina so ki shaida cewa ban yi masa alkawari ba. Na kula da kalmomina sosai, domin na san za a zo wurin. Ki taya ni da addu'a, kuma kada wannan magana ta wuce ke, ko maigidanki kada ya ji tukuna.

Wassalam. Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke a nan. An cire zaren ɗinkin, wurin ya kame, sai ƙaiƙayi a yatsun da babu su, abin da likita ya ce ba hauka ba ne, haka yake yi wa kowa.

Na yi mamakin amsarki. Ke da kika ce a kira 'yan sanda, yanzu ke ce kike cewa in rufa masa asiri don Allah, tunda lalura ce. Na san tausayinki, fushinki ne kawai ke riga shi fitowa. Amma ban bi shawararki ba, kuma ina so ki ji dalili kafin ki yi mini faɗa.

Na baje littattafaina a kan tabarma na yi ta dubawa. A nan an ce wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa duniya da lahira. A can an ce babu cuta babu cutarwa. Na rasa wanda zan ɗora a kan wani, har uwar yara ta ce, "Malam, in ka gama shari'ar ka ɗaga mini tabarmar in share." Abin da ya warware mini shi ne tambaya ɗaya: mene ne nawa a cikin wannan magana? Yatsun da suka tafi nawa ne, ina da ikon yafe su, na kuma yafe. Amma a shagon nan akwai wasu hannaye. Akwai mai haɗa ƙofofi da ya yi aure bana, akwai mai fenti da kan taimaka wajen tura katako. Yatsunsu ba nawa ba ne da zan yi kyauta da su. Idan na yi shiru aka mayar da shi wurin makunnin, na yi sadaka da dukiyar wani ke nan. Kuma inda aka yabi mai yafiya, an haɗa masa da gyara. Ban ga gyara a cikin mayar da makaho bakin rijiya don ana jin kunyarsa ba. Shi kansa ba jinƙai ba ne a bar shi ya ɗauki jinin mutum na biyu.

Ban tafi wurin Maigida a bayan idonsa ba. Gidan Sarkin Zarto na fara zuwa, na zauna ta hagunsa, na gaya masa abin da zan faɗa da dalilin faɗarsa, na ce ya zo a yi a gabansa. Ya kalli bakina har na gama. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Wannan ce yafiyar da ake ta yabonka a kanta? Da ka kai ni wurin 'yan sandan da ya fi mini. Can in na fito, da sunana zan fito." Na ce ina neman ya zauna a shagon ne, ba ya bar shi ba. Ya ce, "Ka ji da littattafanka." Wallahi maganar ta shige ni, amma ban janye ba.

Ranar da aka sa, muka haɗu a ɗan ofishin Maigida, inda ake ajiye kwalayen ƙusa da gwangwanayen fenti. Sarkin Zarto ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Na faɗi komai yadda yake. Maigida ya riƙe haɓa, ya yi salati, sannan ya ce to ai magana ta zo da sauƙi, ba zai iya riƙe kurma a wurin injuna ba, a sallame shi cikin mutunci.

A nan na nemi izini na ƙara magana. Na ce, "Maigida, mutum biyu na yafe wa a kan wannan hannu, ɗaya ne kawai ya zo ya ba ni haƙuri." Ya tambaya wane ne na biyun. Na ce wanda aka gaya wa makunnin injin ya lalace tun bara ya ce a lallaɓa. Da makunnin yana jikin injin, da mai kunnawa yana ganin mai taɓawa, da kurma da mai ji duk ɗaya ne. Na ƙara da cewa kunnen nan ba a kasuwa ya faɗi ba, a shagon nan ya ƙare, yana yi masa aiki.

Ina so ki fahimce ni da kyau a nan, domin na binciki niyyata kafin in shiga. Ba barazana na yi ba. Na gaya masa a fili cewa yafiyata ba ta da sharaɗi, ko ya kore shi ko ya bar shi ba zan kai ƙarar kowa ba. Na ce roƙo kawai nake yi: yadda ya ji daɗin a yafe masa, shi ma ya ji ƙan wani. Maigida mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba ne. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "Mai Awo, ashe har mutane kake aunawa."

Ga abin da aka tsayar. Za a gyara makunnin kafin injin ya sake juyawa. Sarkin Zarto zai zauna, amma ba zai ƙara taɓa zarto ba. An mayar da shi ɗakin baya, wurin haɗa kujeru da goge su, kuma abin da yake samu zai ɗan ragu. Maigida ya ce zai kai shi a duba kunnen hagun ko akwai abin da za a ceto. Da aka gama, na miƙa wa Sarkin Zarto hannu. Ya dubi hannun, ya juya ya fita.

Ban yi nadama ba, Yaya. Na kwana da nauyi a ƙirji, amma ba irin nauyin mai laifi ba. Ki yi mini faɗan idan kin ga dama, ina saurare.

Wassalam. Naki har kullum,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali baki ɗaya. Na ji daɗin jin cewa gwiwar ta yi sauƙi har kina zuwa kasuwa da kanki, amma kada ki mayar da sauƙi lafiya. Na kuma gode da ba ki yi faɗan ba, ko da yake cewa da kika yi "Allah Ya sa ka yi daidai" ta fi faɗan nauyi.

Na koma aiki. An ba ni awo da zane, wasu suna yankawa. Abokan aiki sun karɓe ni da irin tasu gaisuwar. Mai fenti ya ce yanzu idan na nuna biyar da hagu a ba ni uku. Na yi dariya, kuma dariyar gaske ce.

Sarkin Zarto kuwa yana ɗakin baya. Labarin kunnensa ya bazu, kamar yadda ya ji tsoro. Ba wanda ya yi masa ba'a, amma sun koma yi masa magana da hannu kamar baƙo, kuma wani sabon ma'aikaci ne ke tsaye a kan zartonsa. Nakan gan shi ya leƙo idan katako ya yi kukan da ba daidai ba, wai ashe yana jin girgizar a ƙafarsa, sai ya koma ciki. Sunan ma ya fara yi wa mutane nauyi a baki. Wannan ni na jawo masa, na sani, kuma da za a sake da haka zan sake yi. Sai ga shi abin ya juya: ni da na shigo wannan magana ina mai yafewa, na koma mai jiran a yafe masa. Ban taɓa sanin haka tsayuwa a wannan layin take da wuya ba. Duk abin da na karanta a kan falalar mai yafiya ne. Zaman mai jira sai da na ɗanɗana.

Kullum da safe nakan shiga ɗakin bayan in yi masa sallama. Ba ya amsawa. Abin da ya dame ni shi ne ban san ko fushi ne ko rashin ji ba, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka na riƙa zagayawa ta bayan teburinsa, in tsallake tulin ƙafafun kujeru, in tsaya daidai kunnensa na hagu, in ɗaga murya. Uwar yara ta ce in bar bawan Allah ya huce, ciwon da aka fama ba ya warkewa. Na ce sallama haƙƙinsa ce a kaina, amsawa kuma tsakaninsa da Allah.

Jiya na zagaya kamar kullum. Yana haɗa bayan wata kujera, ya shafa gam, katakon yana ta zame masa domin aikin na mutum biyu ne. Na yi sallama da ƙarfi. Bai ɗago ba, sai ya ce, "Wa alaikumus salam. Ka daina yi mini ihu, Mai Awo, wannan ɗin yana ji." Ya turo mini ƙarshen katakon da gwiwar hannu ya ce, "Riƙe mini nan, in abin da na bar maka zai iya."

Na riƙe, Yaya. Yatsu ukun sun iya. Muka tsaya a haka har gam ɗin ya kama. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Da zan fita ya ce gobe akwai sauran kujerun, in zo da wuri.

Ki gaishe da maigidanki da yara. Uwar yara tana gaishe ki ƙwarai. Zan tsaya nan, domin ina so in kwanta da wuri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙaninki,
Auta